Tanderun Hambali Kuku

A shekarar da aka sauke tutar Faransa, wasu sun sami abin da ba su taɓa mafarkinsa ba, wasu kuma sun rasa abin da suke ci da shi. Hambali yana cikin waɗanda suka rasa. Ya daɗe yana yi wa wani Bature kuku a Tasawa, kuma a cikin duk abin da ya koya babu wanda ya ƙware a kai kamar gasa burodi. Da Baturen ya ɗaure kayansa, bai bar masa komai ba sai farantan gashi na ƙarfe. Hambali ya ɗora su a jaki ya komo Agiye, gidan ubansa, inda tsohuwarsa Tala take zaune da ƙanensa Ishaku, manomin gyaɗa, da Balki matar Hambali, da 'yarsu ƙarama Saudatu.

Hannunsa ya riga ya manta da hauya, don haka ya ce zai yi sana'arsa a gida. Ishaku ya kwaɓa laka suka gina tanderu a bayan ɗaki. Balki ta sayar da tunkiyarta aka sayo garin alkama daga Maraɗi. Ranar da aka fara gashi, ƙanshi ya tsallake danga ya shiga gidajen maƙwabta, mata suka riƙa leƙe.

Ciniki ya fara a hankali. Jandarmomi suna saye, malaman lakol, wato makarantar boko, suna aikowa, direbobin motocin gyaɗa kan tsaya su haɗa da shayi. Manoma kuwa sai su matsa shi da yatsa su yi dariya, su ce wannan ai iska ce aka gasa, su wuce wurin mai fura. Duk da haka ba a rasa na cefane ba, kuma babu wanda ya kwana da yunwa a gidan. Balki takan ce Allah ya rufa asiri. Hambali kuwa bai gamsu ba. Ya ga irin gidajen da masu mulki ke kwana, ya share su da hannunsa, kuma ga shi 'yan ƙasa irinsa suna shiga cikinsu. Duk wanda ya kira shi Kuku a kasuwa, sai ya ji kamar an zage shi. Duk wanda ya gaishe shi da fara'a, sai ya ce a ransa dariya yake yi masa.

Wani direba mai suna Audu ne ya gane ciwon. Yana kurɓar shayi a ƙofar gidan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, akwai wani tsoho a bayan Gazawa, Jaye ake ce masa, wanda yake buɗe wa mutum kasuwa. Mai zuwa wurinsa yakan tafi da ɗan abin sana'arsa da ruwan randar gidansa.

"Ni dai ban aike ka ba," in ji Audu, ya ajiye kofi ya hau mota.

Hambali ya gaya wa mutanen gida zai je neman garin alkama mai araha.

Da tsakar rana ya isa. Wurin kufai ne, an daɗe da tashi daga cikinsa, sai bukka ɗaya a gindin wata busasshiyar kuka. An kife tsofaffin tukwane sun kewaye kukar, kowace da ƙyalle ja ko baƙi a wuyanta. A tsakiya akwai faffaɗan dutse irin na niƙa, ya yi baƙi da busasshen jini, gashin kaji ya manne masa. Hambali ya lura babu ƙuda ko ɗaya a kan dutsen, kuma layin tururuwa da ya zo kusa da shi ya karkace ya bi gefe.

Ya zaci zai ga mutum mai tsumma da layu. Sai ga dattijo cikin farar riga wankakkiya, mai sanyin murya, yana zaune a kan buzu kamar mai jiran baƙo.

"Mi ya kawo ka?" Jaye ya tambaya.

"Baba, kasuwa nike so ta buɗe mani."

"Iyalinka na kwana da yunwa?"

"A'a."

"To ba buɗi kake nema ba. Kira abin da sunanshi."

Hambali ya ce, "Ina so in fi kowa a Agiye."

"Yanzu ka yi magana."

Tsohon ya karɓi garin da goran ruwan, ya kwaɓa a kan dutsen. Ya ɗaga ɗaya daga cikin tukwanen da ke kife, ya ciro wani curin ƙullu mai duhu, ya haɗa da na Hambali. Ya kama babban yatsan Hambali ya tsaga da aska, ya matsa jinin a ciki. Sannan ya ce ya kira sunayen duk masu kwana a gidansa. Hambali ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna ya fito, sai Jaye ya danna yatsa a cikin ƙullun, ramin kuma ya rufe da kansa. Da aka gama, curin yana kumbura yana sacewa a hankali kamar cikin mai barci. Tsohon ya sa shi a 'yar tukunya ya rufe da faifai.

"Kullum za ka yi kwaɓi, ka gutsira daga wannan ka haɗa, ka maida mashi sabo. Sharaɗi ɗaya ne. Burodin da ya fara fita daga wuta ba a saida shi, ba a yar da shi. Wanda ke kwana ƙarƙashin rufinka shi za ya ci."

"Ko ni?"

"Ko kai, in kana so."

Yadda ya faɗi maganar bai kwanta wa Hambali ba. Ya ce, "Baba, mi zan biya?"

"Ni ba ni karɓar komi."

"Ba a yin irin wanga aiki a banza. Gaya mani gaskiya, za a taɓa mutanena?"

Jaye ya ɗago ya dube shi a karo na farko. "Ni ban san hanyar gidanka ba. Babu abin da za ya shiga bakin kowa sai da hannunka. In ba ka so, aje tukunyar ka tahi, rana ba ta yi nisa ba."

Hambali ya dubi tukunyar, ya dubi hanya. Ya san ba a amsa tambayarsa ba. Ya naɗe tukunyar a cikin mayafinsa ya tashi.

Washegari, kafin ya sa ƙullu a wuta, ya danna yatsa a kan na farkon don ya gane shi. Ya fito jawur, yana turiri. Ya riƙe shi a hannu ya daɗe, har ya kai shi kusa da baki, sai ya fasa. Tala tana zaune a rana tana shan kunu, haƙoranta sun zube, kuma tana son abu mai laushi. Ya je ya durƙusa ya miƙa mata.

"Inna, daga yau na farko naki ne."

Ta yi ta sa masa albarka. Wannan ya kamata mai sauraro ya riƙe: ba a yaudari Hambali ba. Abin da ya ji tsoron sa wa a bakinsa, shi ya miƙa wa uwar da ta haife shi.

Kasuwa kuwa ta buɗe. Manoman da ke dariya suka dawo suna layi tun hantsi bai yi ba. Wanda ya ci yau, gobe sai ya dawo, ya ce ya kwana yana jin ƙanshin a hancinsa. Mata suka riƙa zuwa daga Cadawa da Gazawa suna sara a kwanduna. Aka gina tanderu na biyu. Ishaku ya rage noma ya kama kwaɓi. Aka kwance ɗakunan kara aka yi na ƙasa da rufin kwano, Hambali ya sayi keke, daga baya ya shiga tarayya a motar ɗaukar gyaɗa. Masu kiransa Kuku suka koma cewa Maigida. Amma bai sake da kowa ba. Ya haƙa rami a ɗakinsa ya ɓoye tukunyar, ya hana a share ɗakin, in ya ga mutum biyu suna magana a ƙofar gida sai ya matso ya ji.

Tala ta fara ramewa. Abin mamaki, ci take yi fiye da da. Ta cinye tuwonta ta nemi ƙari, ta kankare ƙanzo, amma kullum wuyanta ƙara tsawo yake yi, zane yana zame mata. Wata rana Hambali ya ji tana ce wa Balki, "Ɗiyata, abin da na ci ba ni ke cinshi ba. Kamar akwai wani a ciki yana amshewa." Aka kawo magani, aka yi rubutu ta sha. Hambali ya ce wa kansa tsufa ne, ya ci gaba da kai mata burodinta da hannunsa. Ta rasu da kaka, rumbuna a cike, maganarta ta ƙarshe roƙon abinci ce.

Bayan an share makoki aka koma gashi. Hambali ya fito da na farko ya ajiye a gefe, yana tunanin yadda zai yi. Ishaku ya taso daga wurin kwaɓi, gumi na zuba, ya ce, "Yaya, wanga na Inna ne da. Yanzu wa za ya ci?"

Kalma ɗaya ta isa ta hana shi. Hambali ya juya baya yana gyara itace, ya ce, "Ɗauki mana."

Ishaku ƙato ne, mutum ne mai ɗaga buhun gyaɗa shi kaɗai, don haka ya fi tsohuwa jimawa. Amma kafin damina ta kama, haƙarƙarinsa sun fito. Ya riƙa bin gidajen maƙwabta yana neman saura, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba. Sai kansa ya taɓu. Wata rana da azahar Balki ta same shi a bayan ɗaki, ya ɓantari bangon tanderu yana tauna ƙonanniyar laka, bakinsa duk jini. Aka sa masa mari a ƙafa. Ya yi ta kiran yayansa yana cewa ya cire masa abin da ya sa masa a ciki, mutane suna cewa sambatun hauka ne. Bai ga girbin shekarar ba.

Daga nan gari ya fara ƙus-ƙus. Ana saye, don an kasa bari, amma ba a zama a ƙofar gidan. Balki ta sami Hambali a tsakar gida ta ce, "Maigida, mu rushe tanderun nan. Da can ma muna ci muna sha."

"Wa ya aiko ki?" ya ce. "Wa kike magana da shi a bakin rijiya?"

Ta dai tsaya tana kallonsa, kuma daga ranar ya lura duk inda ya juya idonta na kansa.

Yanzu saura su uku a gidan, shi ma kuma ya bar yi wa kansa ƙarya. Ya gwada ba jaki burodin farko. Ranar duk abin da ya fito daga wuta, in an gutsira sai a ga cikinsa baƙi yana wari, kuma kafin la'asar zazzaɓi ya kwantar da Saudatu. Ya hau keke ya koma kufai. Ya tarar da Jaye a kan buzunsa kamar bai taɓa motsawa ba.

"Baba, ka karɓi kayanka."

"Ba a maidowa."

"Ya cinye uwata, ya cinye ƙanena. Saura ɗiyata."

"Shi ya je ya same su, ko kai ka miƙa?" Tsohon ya kakkaɓe hannun rigarsa. "Kuma ni ban ce jininka ba. Cewa na yi wanda ke kwana ƙarƙashin rufinka."

Hambali ya juya maganar a ransa duk tsawon hanya. Da ya ga dama, da ya fasa tanderun ranar nan ya rungumi abin da zai biyo baya. Amma kafin ya shigo Agiye ya riga ya san abin da zai yi.

Akwai wani dattijo mai gyaran kwanoni, Na'Allah, wanda ke yawo kasuwa-kasuwa yana kwana a rumfunan mutane. Hambali ya same shi ya ce bai kamata mai furfura ya riƙa kwana a fili ba, ga zaure nan a gidansa, ya zo ya zauna kyauta. Dattijon ya yi ta godiya. Har masu ƙus-ƙus suka ce ashe mutumin yana da imani. Kowace safiya Hambali yakan ɗora burodi mai alamar yatsa a faifai, ya ba Balki ta kai zaure tare da kunu, don shi ba ya son haɗa ido da baƙon. Saudatu ta warke. Gashi ya dawo daidai, ciniki ya ma fi da.

Sai ya zauna yana jira dattijon ya fara ramewa.

Dattijon bai rame ba. Kumatunsa ma cikowa suka yi, yana ƙwanƙwasa kwanoninsa yana 'yan waƙe-waƙe. Da fari Hambali ya ji sanyi a ransa, ya ce ko abin ya ƙoshi. Daga baya lissafin ya zo masa. Burodi yana fita lafiya, ke nan sharaɗi yana cika. Wani mai kwana a gidan yana cin na farko, kuma ba Na'Allah ba ne.

Ya shiga sa ido. Ya kira Saudatu ya kama damtsenta yana latsawa, ya tambaye ta ko tana jin yunwa, har yarinyar ta tsorata ta gudu. Ya riƙa satar kallon wuyan Balki in ta sunkuya tana daka. Duka biyun ƙalau suke. Yana cikin wannan ne wata rana ya shanye ƙwaryar fura, ya siɗe ludayi, ya ji kamar bai sa komai a ciki ba. Ya miƙe zai nemi ƙari, sai wandonsa ya zame, ya lura tun kwanaki yake ƙara ɗaure mazagi.

Ya sami Balki a madafa, rana tsaka. Ta ɗago ta ga fuskarsa, ta ajiye muciya.

"Balki, wa ke cin na farko?"

"Wane na farko, Maigida? Ashe akwai bambanci tsakaninsu?"

"Kar ki yi mani wasa."

"Ni na wanke Inna," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Na ɗaga ta da hannu ɗaya. Na ga yatsan da kake dannawa, na ga wanda kake ba, na ga kai ba ka taɓa kai shi baki ba. Na roƙe ka ka rushe, ka ce aiko ni aka yi. Sai ka kawo bawan Allah, ka ɗora mani faifai in kai mashi da hannuna."

"Mi kika yi da shi?"

"Baƙo ban ba shi ba. Ɗiyata ba ta ci ba, kuma da na ga abin da ya same ta ranar jaki ban iya yar da shi ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Busar da shi nike in daka. Kai kaɗai ke shan fura a ƙwaryar nan."

Ya ɗaga hannu zai mare ta, hannun ya sauka da kansa. Ta wuce shi ta shiga ɗaki. Kafin la'asar ta gaya wa Na'Allah ya nemi wani masauki, ta ɗaura ƙunshinta, ta kama hannun Saudatu suka bi motar Cadawa, garin iyayenta. Ba ta ɗauki ko cokali daga abin da burodin ya saya ba.

Hambali ya rage shi kaɗai a ƙarƙashin rufin kwano. In ya yi gashi, babu mai cin na farko sai shi. Ya nemi mai kwana a zaure, ya yi alkawarin riga da abinci, amma labari ya riga ya zaga, ko mahaukaci ba ya yarda ya raɓi dangarsa. Ya daina gashi. Ƙullun ya kumbura ya ture faifai, ya cika ramin, warin tsami ya hana maƙwabta zama a tsakar gidajensu. Ya ɗauki gatari ya farfashe tanderun duka biyu, ya kwashe ƙullun ya kai daji ya binne. Yunwar ba ta bi shi cikin ramin ba, tana nan inda take.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa zargi ne. Yunwa tana cinsa kamar wuta, amma ya kasa yarda da abinci daga hannun kowa. Mai fura ta dama masa don tausayi, ya shinshina ya kifar, ya ce an daka masa a ciki. Liman ya aiko da tuwo, ya tona shi da yatsa yana neman ɓurɓushi, ya watsar. Ko zangarniyar gero ya tsinta sai ya tsaya yana tambayar wa ya taɓa ta. Ya riƙa yawo a kasuwar Agiye da babbar riga tana jan ƙasa, yana bin masu ci da ido, in an miƙo masa ya ja da baya yana cewa, "Na san wanda ya aiko ka." Abokan tarayyarsa suka riƙe motar, bai ma tambaya ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka same shi a jingine da rumfar masu hatsi, buhunan gero a kowane gefe, ya riga ya sandare. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce makarar kamar babu kowa a ciki. Gidan kuwa ba a sami mai gado ba, ba a sami mai saye ba. Kwanon ya yi tsatsa, bango ya zube, har akuya ba ta shiga cin ciyawar da ta tsiro a wurin.

To, kai da ka kafa 'yar sana'a a bayan ɗakinka, kana samun na tuwo amma ranka yana raina shi, ka ji da kyau. Ranar da wani ya ce zai ninka maka kasuwa ba tare da ya karɓi komai ba, ka tashi ka bar wurin, don ya riga ya ga abin da zai ɗauka, kuma yana cikin gidanka yana kiranka Baba ko Yaya. Irin su Jaye ba sa zuwa gidan kowa, ba sa ɗaga wuƙa. Suna zaune ne suna jiran mai kwaɗayin da zai yi musu aikin da hannunsa, ya durƙusa gaban uwarsa ya miƙa mata, ita kuma tana sa masa albarka.